Mushe Harisu da Karatun da Zai Bi Shanu

Mushe Harisu ba ya rubutu da alli guda. In ya ɗauko sabo daga kwali sai ya karya shi biyu, ya yi aiki da rabi, ya jefa rabin a aljihun riga. Ba rowa ba ce, don ba ya komawa kan wanda ya ajiye. Matarsa Baraka ce ke tsintar su ranar wanki, wasu sun jiƙe sun ɓata bakin aljihu da fari. Shekarun farko ta yi magana. Daga baya ta samu gwangwanin tumatir tana zubawa.

Ɗan Sabon Maci ne, gidan manoman gero da wake. Shi kaɗai aka bari ya zarce da lakwal, wato makarantar boko, cikin 'yan'uwansa, ba don ya fi su kai ba, sai don jikinsa ba ya jure rana a gona. Ya yi makarantar horar da malamai a Maraɗi. Can aka koya masa abin da ya riƙe kamar karatun salla: malami ba ya buɗe baki gaban yara sai da fishi, wato takardar da aka shirya darasi a kanta, gefe guda abin da mushe, wato malamin, zai yi, gefe guda abin da yara za su yi. Kuma fishi ba ta cika sai na gaba da kai ya duba ya sa hannu.

Ya jima yana aikin kwantiragi ƙauye-ƙauye, ya yi lisansi, digirin farko, da kyar, aka ɗauke shi aikin gwamnati, aka tura shi Rijiyar Kalla, arewa da Birnin Lalle, shi ne dirakta, shugaban makarantar. Ko a can bai fasa ba. Yakan rubuta fishinsa da la'asar, da safe ya duba ta a matsayin dirakta, ya sa hannu.

Lakwal ɗin Rijiyar Kalla ta 'ya'yan makiyaya ce, rumfunan kara biyu da allo. In aka buɗe bayan girbi yara sukan cika, don ciyawa na nan kusa. In bazara ta matso ciyawa ta ƙare, sai gidaje su ɗaga su bi dabbobi kudu. Aji ya koma rabi, sannan rabin rabi. Waɗanda suka dawo baɗi sai a sake da su daga farko. Haka abin yake tun kafin Harisu, kuma babu wanda yake ganin laifin kowa.

Wata rana bayan taron iyaye, Samba, shugaban iyayen yara, ya zaro salularsa. Ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ya kunna, muryar wani mai wa'azi ta fito.

"Mushe, ka ga wanga abu? Yana bin mu har inda rijiya ta ƙare. Wa'azi na ciki, kiɗa na ciki. Mi ya hana kai ma ka shiga ciki, ɗiyanmu su dinga jin ka bayan shanu?"

Aka yi dariya. Harisu ma ya yi, sannan ya daina.

"In Allah ya yarda," ya ce, "bana karatu zai bi ku."

"Gaban mutane ka faɗa fa," in ji Samba.

Da la'asar ya ja layi a takarda kamar kullum. Gefen mushe ya cika. Gefen yara ya tsaya fari. Babu allo a daji, babu mai ɗaga hannu, babu fuskar da za ka duba ka san an gane. Bai san abin da ake rubutawa a wurin ba, kuma ko ya rubuta, bai ga yadda zai sa hannu a kan abin da ba a taɓa koya masa ba.

Ranar kasuwa ya hau moto, wato babur, ya shiga Dakoro wurin Madam Ramla, mai ba malamai shawara a ofishin ansifekta mai duba makarantu. Bagobira ce ta Tibiri, shi kuwa Bakatsine, don haka ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Bawana ya zo gaida uwargijiyarsa hannu banza," ta ce. "Mi ke tahe da kai?"

Ya faɗa mata. Ta ce lalle akwai fannin karatu na wannan, tsara koyarwa ake ce masa, yadda ake gina darasi don mai koyon da ba ya gabanka. Ana yin mastar ɗinsa ta intanet, mutum na bakin aikinsa.

"Amma kai, ɗauki salula ka yi magana ciki mana. Ko ba komai Bakatsine ya iya surutu."

"Wa zai sa hannu?"

"Kawo in sa."

"Ke kin karanta shi?"

"A'a."

"To."

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta rubuta masa sunayen jami'o'i biyu.

Ta farko tana wata ƙasa maƙwabciya. Gwamnati ta san da takardarta, duk wanda ya kawo ta za a karɓa. Sai dai darasinta kai tsaye ne, malami na magana ɗalibai na kallonsa, kuma lokacin ya faɗo daidai ranar kasuwar Dakoro da hantsi. A Rijiyar Kalla babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu, shi ma na kira ne kawai. A Dakoro akwai, amma ranar kasuwa kowane dillali da kowane mai ɗan akuya yana bisa waya yana tambayar farashi, layi ya cushe. Harisu ya gwada wani zaman gwaji da jami'ar ta buɗe wa masu sha'awa. Fuskar malamin ta daskare baki buɗe, ta daɗe a haka, yana zaune yana kallonta.

Ta biyun tana nesa, bayan teku. Ita sauke darussa ake yi, mutum ya karanta lokacin da ya samu. Cikin abin da take koyarwa har da darasin murya don wayoyi marasa intanet, abin da yake nema ke nan ba ragi. Amma babu wanda ya iya ce masa za a karɓi takardarta a nan. Ya tambaya kusa, aka ce sai sama. Ya tambayi sama, aka ce za a bincika. A wurinsa takardar da ba a san da ita ba fishi ce babu sa hannu.

Daga nan kowace kasuwa yana Dakoro, gindin wani dogon yaro kusa da ofis, yana buɗe wannan ya rufe, ya buɗe waccan. Ya san su kamar yadda mutum ke sanin gonakin maƙwabta.

"Mushe, ka zaɓa?" in ji Baraka, tana tankaɗe.

"Ina dubawa."

"Ko mai sayen saniya ba ya duba haƙori haka."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Sau da yawa yakan haɗu da Samba a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi.

"Mushe, ka shiga ciki?"

"Saura kaɗan."

"Ciyawa ma saura kaɗan."

Daminar shekarar ta ɗauke da wuri. Tun sanyi bai wuce ba gidaje suka fara ɗagawa. Samba na cikin na ƙarshe. Ya biyo ta lakwal da jakunansa an riga an yi musu kaya, ya buɗe bayan salula, ya ciro ɗan katin memuwar, inda sautukan suke ajiye, ya ɗora a tafin hannun Harisu.

"Na bar maka wa'azina da kiɗana, ka goge in wuri ya yi kaɗan. Ƙanena Yazidu zai shigo kasuwa mai zuwa sayen dusa. Ka ba shi abin da ya samu. Da babu gwamma ba daɗi."

Da suka wuce, Harisu ya shiga rumfa ya zauna kan bencin yara. Ya sa katin a tasa wayar. Rabawa ce darasin lissafin da ke gaba. Karo na farko tun da ya fara aiki, ya buɗe baki babu takarda a gabansa. Ya yi sallama, ya kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya tsinci tsakuwa goma sha biyu ya zube a ƙasa, ya raba wa mutum uku. Muryar na tafiya daidai. Sai ya zo inda ake tambaya, ya tambaya, ya yi shiru yana jira kamar yadda ya saba. Iska ta motsa karan rumfa. Ya danna ya tsayar. Ya ce wa kansa zai ƙarasa in ya san abin da ake sawa a wannan gurbin.

Yazidu ya zo ranar kasuwa, ya same shi gindin dogon yaro. Harisu ya ce a bari sai kasuwa ta gaba. Yazidu ya ce to, ya ɗaura buhun dusarsa a moto ya tafi. Kasuwa ta gaba bai zo ba. An ce sun yi nisa.

Jami'o'in biyu suka rufe ɗaukar ɗalibai na shekarar, ɗaya bayan ɗaya. Ya ga sanarwar, ya mayar da wayar aljihu, ya je ya sayi albasar da Baraka ta aike shi. Da aka dawo daga hutu gidajen da suka koma Rijiyar Kalla ba su da yawa, na Samba ba ya ciki. Aka haɗe 'yan yaran da suka rage da wata lakwal, aka ɗauko Harisu aka kawo ofis a Dakoro. Aikinsa yanzu duba fishin sababbin malamai. Yana yin sa da kyau, ba ya makara.

A ofis akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai rezo in ba ranar kasuwa ba. In jami'o'in suka sake buɗewa yakan duba su, wannan da waccan. Madam Ramla ta daina ce masa bawana, sai dai ta ce ina kwana, Mushe.

Katin Samba na nan cikin wayarsa, da wa'azin da kiɗan, bai goge komai ba. Darasin yana can ƙasa. In aka kunna za a ji sallama, da sunayen yara, da maganar tsakuwa, sannan muryarsa ta ce, "To, kowa nawa ya samu? Wa zai faɗa mini?" Sai ɗan shiru, da motsin kara. Nan ya tsaya.