Kujerar Kwali ta Kaka

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, aka wayi gari a Ruwan Godiya kusan kowace unguwa ta samu sabon Alhaji. Suna dawowa daga Makka da rediyo da agogon bango da butocin shayi, duk a cikin kwalaye masu kauri. Masu kaya su ɗauki kayansu, kwalayen kuma ƙanin mahaifina, da muke kira Baba Ƙarami, ya bi gida gida yana roƙa.

Ya taɓa ganin kujerun kushin a Funtuwa, tun daga nan ya kasa sukuni. Sai ya dinga naɗe kwali tamau yana yin ƙafafu, ya jera wani bisa wani ya manne da ƙaro, ya lulluɓe da takardar buhun siminti, ya shafe da shuni. Da haka ya yi teburi da ɗan kabad na jera kwanuka, sannan ya yi wa Kaka, mahaifiyarsu, kujera mai majingina da hannuwa. Ban taɓa ganin abu mai kyanta ba. Mata daga Mairuwa in sun zo biki sai sun leƙo sun shafa ta, ni kuwa ina gefe ina hura hanci kamar ni na yi. Kaka ta daina zaman tabarma, a kanta take jan carbi.

Da damina ta yi nisa, ƙafafun Kaka suka riƙe, ta koma sai an tashe ta. Wata safiya ina shara a ɗakinta na kifa kujerar don in share ƙarƙashi. Danshi ya ɗaga takardar simintin, sai ga rubutun Larabci ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, daidai inda ake zama. Na gane alif, na gane lam. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

A makarantar allo babu yaron da bai san cewa duk wanda ya zauna a kan aya ƙafafunsa shanyewa suke yi ba. Ko guntuwar takarda mai Larabci muka gani a ƙasa, ɗauka muke mu cusa a ramin katanga. Ga Kaka ta yi watanni a kai, ni ma na sha ɗarewa in ba ta nan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kowace safiya sai na mintsini cinyoyina in ji ko suna nan da rai. In na ga an kama Kaka an zaunar da ita a kujerar, sai in tsaya in zuba mata ido.

Kaka ce ta ritsa ni. "Ke ɗiyar nan, mi ke damunki kike kallona kamar kin ga gawa?"

Na fashe da kuka na faɗa mata. Ta yi salati da ƙarfi, ta zame daga kujerar zuwa ƙasa da saurin da ba mu san tana da shi ba, ta ce a kira Malam limamin unguwa.

Malam ya zo, aka kifa masa kujerar a tsakar gida. Ya daɗe yana bin rubutun da yatsa, Baba Ƙarami na tsugune gefe yana gumi.

"Hajiya, wanga ba aya ba ce," in ji Malam. "Cewa aka yi akwai abin hwashewa ciki, kada a bari ruwa shi taɓa."

Na sauke numfashi, har na fara murmushi. Amma Kaka ta girgiza kai.

"Malam, alif ɗin da ke nan da wanda ke cikin Alƙur'ani, akwai bambanci?"

Malam ya ce harafi kam ɗaya ne.

"To ni ba ni ƙara zama bisa alif. A ƙone, a rufe tokar inda ba a takawa."

Baba Ƙarami ya ce zai iya yanke wurin rubutun kawai. Da ya sa reza, sai ya tarar kowane kwali na ciki da nasa rubutun, har ƙafafun. Teburi da kabad ma haka. Shi da kansa ya kwashe su zuwa bayan ɗakuna ya cinna musu wuta, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ina laɓe jikin rumbu ina ganin shunin nan yana naɗewa yana baƙi.

Da rani ya shigo ƙafafun Kaka suka saki, kamar yadda suke yi kowace shekara. Ta yi ta gaya wa baƙi cewa jikarta ce ta cece ta, ana sa mini albarka. Alhazai suka ci gaba da aiko wa Baba Ƙarami kwalaye, shi kuma ya dinga miƙa wa mata su hura wuta, bayan ya duba kowane gefe.