Dillali a Tukunya ta Biyu

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina ƙaramin jami'in ɗakin gwaji a wata masana'antar sinadarai da ke Kudenda.

Aikinmu haɗa wani mai ne da ruwan soda, su kuwa ba sa ga maciji da juna: mai ya hau sama, soda ta kwanta ƙasa. Sai mu zuba ɗan farin garin da muke kira dillali, shi ke ɗauko abin da ke cikin sodar ya kai wa man. Yana rage mana wahala ƙwarai, amma da sharaɗi. Dole injin juyawa na aiki, soda na shiga kaɗan-kaɗan, don haɗuwarsu na ta da zafi.

A ranar, da hantsi, aka ɗauke wuta, injin ya tsaya. Baba Yohanna, dattijon da ke kula da tukunya ta biyu, ba ya son zaman banza, sai ya juye sodar duka. Haka ya saba yi a da, kafin a fara amfani da dillali, ga shi yanzu dillalin na cikin tukunyar.

Janareta na tashi manajan sashe ya iso. "A kunna inji, motar ɗaukar kaya na jira."

Na tare maɓallin. "Yallaɓai, in ya juya yanzu, duka za su haɗu lokaci ɗaya. Tukunyar za ta yi amai, ga Baba a bakinta, soda kuwa makanta mutum take."

"Kai yaushe ka zo? Matsa, ko ka ga takardar tuhuma!"

Wallahi na rantse a raina ba zan gusa ba. Na roƙi minti biyar. Na ɗebi kaɗan daga sama da ƙasa a kwalba, na girgiza, na ajiye ta cikin bokiti muka ja baya. Nan take ta tafasa, ta yi jifa da murfinta.

"Yesu!" in ji Baba Yohanna, ya dafe bango.

Muka tsiyaye sodar ta ƙasa, muka mayar da ita a hankali. Mota ta koma ba kaya, takardar kuma na same ta, ko sannu manaja bai ce mini ba. Ta yi mini ciwo, amma ban yi nadama ba.

Ku da kuka zo bayanmu, tukunyar da ta yi shiru ita ce abar tsoro, kuma wanda ya sani shi zai tsaya, ko da shi ne ƙarami. Baba Yohanna ya yi ritaya da idanunsa biyu.