Sunan Maigero a Shafin Ƙarshe

Hure maƙwabciyata ce a Kiyeshe, danga ɗaya ta raba mu. Daga Dogon Kiriya suka zo, ita da mijinta, da jaki da tulun irin gero. Mijin shi ke zaɓen irin da hannunsa, zangarniya bayan zangarniya, kuma geron nan ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ya nuna. Kowa Maigero yake ce masa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, Hure ta ci gaba da zaɓen, tana ba mai so, har ni da ban iya godiya ba.

Bara jikata Afra'u, mai karatun aikin gona a Yamai, ta rubuta littafin gama karatunta a kan geron nan. Malaminta ya mayar mata da shi da jan biro. Wai duk maganar da ta ɗauko sai ta faɗi mai ita, da shekara, da wuri, a jere a shafin ƙarshe. Na ce ashe 'yan boko ma sun san sata.

Da Afra'u ta zo gida muka je muka tarar da Hure tana sussuka. Afra'u ta durƙusa.

"Inna, sunanki zan sa."

"Ni ajiya aka ba ni, ɗiyata. Sa mai abin."

"To yaya sunansa na yanka? Malam ba ya karɓar laƙabi."

Hure ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, kuma duk garin babu wanda ya san shi sai ita. In ba ta faɗa ba, Maigero ba ya shiga littafi.

Na ce, "Ke tsohuwar banza, kunyar wa? Haƙoran da za ki ɓoye ma babu."

Ta ce, "Rakiya, bakinki ne zai kashe ki."

Ta daɗe tana murza geron cikin tafinta. Can ta ce, a hankali, "Bilyaminu. Bilyaminu Ma'azu." Ta ja gyale ta rufe fuska kamar amarya.

Afra'u ta rubuta, sannan ta ce a ƙa'idarsu sunan uba ake sawa gaba, nasa kuma harafin farko kawai.

Na ce, "Shekara hamsin tana riƙe da shi, ke ki gutsure shi? Rubuta shi duka. In malamin ya yi magana, turo mini shi."

Bai zo ba. Da kaka Afra'u ta kawo littafin, ta buɗe shafin ƙarshe. Ga sunan Maigero tsakanin na Turawa biyu, nasa ya fi nasu tsawo. Hure ta goge yatsa a zane ta ɗora a kan layin.

"Karanta mini," ta ce. "Ni na riga na faɗi nawa."