Inna Mairama da Adashen Gero na Kangire

Da an idar da sallar asuba, Inna Mairama takan share tsakar gidanta a Kangire, ta dama koko, ta zuba wa awaki dusa, sannan ta jingina 'yar rediyonta da turmi ta kunna. Tana tsince wake tana jin labarai. Idan ranar zubi ce, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ta jira mata. Fiye da shekara ashirin tana riƙe da adashen unguwarmu, ba a taɓa jin an ce kwasar wata ta yi ƙafa ba. Bana ta ce ta sauka, gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara hazo. Ni malamar firamare ce, ina cikin masu zubi, na ga bai kamata ta sauka shiru ba.

Inna 'yar Maruta ce, aure ya kawo ta nan. Ba ta yi boko ba, amma duk sanda aka ambaci Babban Banki a rediyo sai ta ajiye abin da take yi. Takan ce tunda su ke buga kuɗin, su suka san lafiyarsa. Abin da ba ta gane ba kuma ni take ajiye wa.

Lokacin canjin kuɗi ta tare ni a ƙofar gida.

"Malama Hadijatu, jiya an ce tsohon kuɗi ya mutu. Yau na ji an ce yana da sauran numfashi. Wanne zan karɓa a hannun mata?"

Na ce ni ma abin da na ji ke nan. Sai ta karɓi kowane iri aka kawo, ta ɗaure a gefen zane, ta hau mota zuwa Birnin Kudu ta bi layin banki cikin rana da kanta, don kada tsohuwar takarda ta lalace a hannun wata. Mazan da suka gan ta a layin har yanzu suna ba da labari.

Bayan wannan sai tsada ta shigo. Wadda ta yi kwasar farko ta sayi awaki biyu, wadda ta yi ta ƙarshe da ƙyar ta samu ɗaya. Abin ya hana Inna sukuni. Ran nan ta ce mu daina zuba kuɗi, mu koma zuba gero. "Kuɗi yana ramewa a hannu," in ji ta, "kwano kuwa yadda ka cika shi bara haka za ka cika shi bana." Yawancinmu manoma ne ko matan manoma, kusan kowa na da gero a rumbu. Muka amince da murna. Zagayen farko ya tafi lafiya, har matan wasu unguwanni suka riƙa zuwa tambayar yadda muke yi.

A zagaye na biyu ne abin ya juye.

Munawwara, wata ƙaramar uwa mai yara uku, ta gama koyon ɗinki a wajen wata tela da ke shirin komawa Kano da kekenta. In ba ta samu keke nata ba, sana'ar ta tashi a banza. Inna ce ta ba ta shawarar ta ɗauki kwasar ƙarshe, don ta zo daidai da tafiyar telar. Kafin lokacin ya yi, farashin hatsi ya faɗi warwas. Mijinta ya kai geron kasuwar Sara, ya dawo da abin da bai kai rabin kuɗin keke ba. A makon nan kuma rediyo ta kawo bayanin Babban Banki cewa hauhawar farashi tana sauka, al'amura sun fara daidaita.

Ranar zubi tabarma ta cika, kowa da magana a baki. Juwairiyya, wadda ta yi kwasa tun gero na da daraja, ita ta fara.

"Ni ban ga abin ƙorafi ba. Kwanon da aka auna mini, shi aka auna mata. An rage mata ko tsaba ɗaya?"

"Ba a rage ba, Yaya Juwairiyya," in ji Munawwara. "Amma mai sayar da keke ba kaza ba ne, ba ya cin gero."

"To ni na karyar da kasuwar? Je ki kama masu rediyo, su da suka ce an samu sauƙi."

Aka juyo gare ni. "Malama, ke kika yi karatu. An samu sauƙin ko ba a samu ba?"

Na yi bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce saukar hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun yi araha. Kamar mota ce ta rage gudu, amma gaba take yi har yanzu.

Inna ta ce, "To geron namu ai baya ya yi. Keke da taki suka yi gaba. Motar guda nawa ce?"

Ba gatse take yi ba, tambaya take da gaske. Ni mai albashi na ji daɗin arahar hatsi a tukunyata, ƙanina manomi kuma yana kuka da ita. Ban ce masu bankin sun faɗi abin da ba shi ba, ƙasa gaba ɗaya suke kallo. Juwairiyya na da gaskiya, Munawwara ma haka. Muka tashi ba mu san wanda za mu ga laifinsa ba, wasu har suna cewa gara a watse kowa ta riƙe abinta.

Inna, a nan ne na san ko ke wace ce. Ba ki yanke hukuncin da ba ki da tabbas a kansa ba. Kika ɗauki sanda kika bi gida gida, kina cewa, "Ba bashi na zo karɓa ba, babu wadda ake bi. Yarinyar nan ta bi shawarata ne, ku taimake ni in fita kunya." Wata ta ba ki kwanon gero, wata ta ba ki wake, wata ta ba ki haƙuri, kika yi wa kowacce godiya iri ɗaya. Kika kwance akuyarki mai ciki kika aika da ita kasuwa, ba ki gaya wa kowa ba, sai da muka ga turken babu komai.

Juwairiyya ta rantse ba za ta ƙara ko tsaba ba, kuma ba ta ƙara ba. Amma bayan kwana biyu ta leƙo tana ɗaure fuska, ta ce akwai wani tsohon tela a Gwaram, ɗan'uwan mijinta, da ya ajiye aiki, kekensa na nan a ɗaki. Ita ta raka Inna har can, ita ta tsaya ta yi ciniki kamar za a yi dambe. Keken tsoho ne, ƙararsa har bakin titi, amma yana ɗinki. Rabin rigunan makarantar da ke ajina a kansa aka ɗinka su.

Da Inna za ta miƙa wa Basma, ɗaya daga cikinmu da za ta gaje ta, riƙon adashen, Basma ta ce, "Inna, kuɗi za mu zuba ko gero?"

"Wallahi ban sani ba, 'yar nan," in ji ta. "Ku dai kada ku watse."

Yanzu rabi kuɗi muke zubawa, rabi gero. Ko daidai ne, babu mai iya rantsewa a cikinmu.

Mun gode, Inna Mairama, uwar amana. Ke ce kika riƙe mu a shekarun da babu wanda ya gane inda aka dosa. Allah ya saka miki da alheri, ya sa hutun ya zama na lafiya. Masu karatu, duk wanda aka ba riƙon abin jama'a, ya koya daga wannan baiwar Allah: in bai sani ba ya ce bai sani ba, amma kada ya bar wanda ya bi shawararsa shi kaɗai da asara.

Babu wadda ta fita daga adashen. Da aka zo rabon sabon zagaye, Basma ta tambayi Munawwara wace kwasa take so. Ta ce a ba masu buƙata na gaba, ita a bar ta a ƙarshe.