Ranar da Kaka Ta Zauna a Kan Iri

Malaminmu na kimiyya a Kankiya yana da tambayoyi uku da ya ishe mu da su: "Me ka gani? Me kake zaton ya jawo shi? To, me zai biyo baya?" Na haddace su tsaf, na dawo hutu ƙauyenmu Dudunni ina ji da kaina.

Shekarar da ta biyo bayan fari ce. Irin geron da ya rage mana tukunya ɗaya ne tak, in ya tafi shi ke nan. Ran nan da la'asar aka yi ruwa, washegari gari duka ya fita da sungumi. Baba ya shigo ɗaukar iri, ya tarar da mahaifiyarsa ta kifa akushi a bakin tukunyar, ta zauna daram a kai.

"Inna, kowa fa ya fita."

"Su fita."

Ni da shegen baki sai na tsoma: "Kaka, ruwa ya sauka, damina ta kama. Mu a makaranta..."

"Kai, mijin banza, zo nan!"

Ta aike ni bayan ɗaki in tona ƙasa da yatsa. Gaɓa biyu kawai danshin ya kai, ƙarƙashi a bushe ƙamas. Ta ce in dubi gawon bakin gona, wanda ke zubar da ganye in damina ta zo. Yana nan kore shar. Shamuwa fa, ta sauka a kan kukarmu? Ko ɗaya.

"To wannan ruwan wucewa ne," in ji ta. "Iri zai tsiro, rana ta cinye shi."

Wallahi kunya ta kama ni. Abu ɗaya na gani na yanke hukunci. Ita kuwa, da ba ta taɓa riƙe alli ba, ta amsa tambayoyin malam duka uku, a jere, ba ta ko tashi daga zaune ba.

Baba ya fita rai a ɓace. Kusan mako uku ko ɗigo. Shukar maƙwabta ta tsiro ta ƙone muna kallo. Da ruwan gaske ya zo, hannuna ya nutse a danshi har wuyan hannu, sannan Kaka ta ɗage akushin. Ta ɗibar wa gidaje uku iri kafin ta ba mu namu.

Da gero ya nuna, Baba ya gasa tumun farko da kansa. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Kaka.