Zare a Bakin Riga

Shekara goma sha tara Dogo ya yi yana wanki da guga a wani ɗaki ƙarƙashin bene, bai taɓa sa wa tufa alama ba. Gidaje ashirin da uku yake wa aiki. Da ya ɗaga riga ya dubi wuyanta, zai faɗi mai ita da ranar da aka kawo ta.

Ciwon baya ne ya kai shi ga ƙwaya. Guda ɗaya da safe ta zama uku, ya ƙara da kwalbar maganin tari. Dama shekara shida ke nan yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, yana karɓar magani a asibiti. Da ƙwaya ta kama shi, sai ya sha na asibitin yau, ya tsallake kwana huɗu.

Da farko yakan tsaya riƙe da dutsen guga, ya rasa wane hannun riga ya goge. Sai wata Talata ya kai wa wani tsohon direba ƙunshin kaya. Tsohon ya kwance ƙunshin a ƙofar gida, ya zaro siket ɗin 'yar makaranta.

"Dogo, ni ka mayar ɗaliba? To ina jakar littattafan nawa?"

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Dogo bai yi ba, don ya juya siket ɗin gaba da baya bai san na gidan wa ne ba. A watan nan gidaje bakwai suka daina aiko masa da kaya.

Yayarsa, wadda ke ɗinki a bakin kasuwa, ta rufe shago ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

"Likita, ka dubo min kan yaron nan. Shekara arba'in da biyu, ya riga ni tsufa."

Likita ya faɗa masa kalmomi biyar ya ce ya riƙe. Bayan minti biyar biyu kawai ya kawo. Da sakamakon jini ya fito, likita ya ce, "Cutar nan ba a jini kaɗai take zama ba, tana shiga ƙwaƙwalwa. Jiki ya tashi yaƙarta, wurin ya kumbura, kumburin ya riƙa lalata hanyoyin tunani. Ƙwayar da kake sha tana ƙara kumburin, ta kuma sa ka manta maganin da ke danne cutar."

"Abin da ya tafi zai dawo?" in ji Dogo.

"Wani zai dawo, wani ba zai dawo ba. Amma za mu iya tsayar da ɓarnar."

Aka riƙa rage masa ƙwayar sannu a hankali. Sati shida ya yi yana gumi da karkarwa a gidan Yaya, ita ke miƙa masa maganin asibiti da hannunta, ta tsaya sai ya haɗiye. Sau ɗaya ya koma wa kwalba, ya dawo ya faɗa mata da bakinsa.

Ranar da zai sake buɗe ɗakin wankinsa Yaya ta zo da gwangwani cike da zare.

"Kowane gida da launinsa. Kafin mai kaya ya juya baya, ka soka allura a cikin bakin riga, ka ƙulla."

"Yaya, launi goma sha biyu ne kawai."

"Ƙulli ɗaya, ƙulli biyu. Kai, ashe har lissafin ma sai na yi maka?"

Ta manna samfurin zaren a kwali, ta rubuta gidajen a gefe, ta kafa a bango. Dogo ya ji kunya da farko, yakan juya baya in zai ɗinka. Daga baya ya daina ɓoyewa.

Yanzu wata goma sha ɗaya bai kai kayan wani gidan wani ba. Gidaje huɗu cikin bakwai sun dawo. Har yau kalma kan ɓace masa a tsakiyar magana, sai ya jira ta. Kullum da safe yakan sha magani, ya yi godiya ga Allah, sannan ya kunna dutsen guga. Ranar Asabar kuwa da kansa yake zuwa kwasar kayan Yaya, tana bin shi da faɗa.

"Ajiye min, ni hannuna ya karye ne?"

"Yi haƙuri, Yaya. Naki ne farkon shiga ruwa."