Zarni a Lasifikata

Shekarar da na kawo manyan lasifika biyu daga Konni zuwa gidanmu a Tsarnawa, ɗaya ta fara zarni. Da na kunna ta, ta ɗan ɗumama, sai ɗakin ya gagari zama.

Inna ta sunsuna yadin gabanta, ta ja da baya. "Wannan ba banza ba," ta ce. "Wani ya zuba maka abu. Wa ke shigowa ɗakin nan?" Ta shiga lissafo maƙwabta, har da abokina da ya cika yabon ƙarar lasifikar. Ni ma na ɗan jima ina gaishe shi sama-sama, amma zuciyata ta fi karkata ga mussar Inna.

Wata safiya kafin in tafi gona, na barbaɗa toka kewaye da lasifikar. Da na dawo, ga sawun mussa sarai, ga yadin a jiƙe.

"Mussa ce, amma ba tawa ba," in ji Inna. "Wa ya sani ko turo ta aka yi?"

Na kwance yadin, na wanke da sabulu da kanwa, na shanya. Katakon na goge da ruwan lemun tsami, na cusa gawayi cikin akwatin, na bar shi a inuwa ya sha iska. Zarnin ya tafi, sai ɗan kaɗan lokacin zafi. Daga nan na rataye su a bango, ina kulle ɗakin in zan fita. Inna ta ce kullewar ta yi daidai, mutanen yanzu ba abin yarda ba ne.